Ratar tsakanin nonuwa bayan tiyatar ƙara girma: tambayoyin matan Sakkwato da amsoshinsu

A Sakkwato ba a baje wannan magana a tsakar gida, kuma kunyar da ta hana hakan abu ne mai daraja da ba na fatan mu rasa. Sai dai kunya ba ta hana wasu mata shiga ɗakin tiyata ba. Wata sankara ce ta sa aka cire mata nono aka sake gina shi. Wata tun tana budurwa ɗaya bai fito kamar ɗan'uwansa ba. Wata kuma shayarwa ce ta kwashe su, ta yi tattaki zuwa Abuja ko Legas, ko Masar ko Turkiyya, aka saka mata jakar silikon, wato jaka mai laushi da ake sa wa a cikin nono don ƙara masa girma. Idan an dawo gida ciwo ya lafa, abin da ya fi tsaya wa mata a rai shi ne tsakiyar ƙirji: wata ta ga rata mai faɗi ta ce an cuce ta, wata ta ga babu ratar sam ta ɗauka nasara ce. Sau da yawa duka biyun sun fahimci lamarin a baibai. Na tattara tambayoyin da aka fi maimaitawa, na amsa su a fili yadda zan amsa wa ƙanwata ciki ɗaya.

Anti, girman ya yi yadda nake so, amma tsakiya a buɗe take, yatsuna uku suna shiga. Likitan ne bai iya aiki ba?

Kafin ki ɗora masa laifi, ƙanwata, ki nemo hoton da aka ɗauke ki kafin aiki ki duba tsakiyar. Mafi yawan lokuta za ki tarar ratar tana nan tun asali, ba ki lura da ita ba ne saboda babu tudu a gefe da gefe da zai fito da ita. Da aka ƙara girma sai ta zama kwari tsakanin tudu biyu, ido ya fara ganinta.

Abubuwa uku ne suke yanke faɗin wannan wuri, kuma dukansu da su aka haife ki. Na farko faɗin ƙashin tsakiyar ƙirji, wanda haƙarƙari suke haɗuwa a jikinsa. Na biyu wurin da babbar tsokar ƙirji ta kama wannan ƙashi: a jikin wata tsokar dama da ta hagu sun kusa taɓa juna, a jikin wata akwai tazara sosai. Na uku inda kan nono yake zaune, da kuma inda ya fuskanta.

Sai siffar ƙirjin kanta. Ki kifa ƙananan ƙore biyu a bayan tulu, kowane zai kalli gefensa, su ba juna baya. Ki ɗauke su ki sa a cikin akushi, sai su karkato suna kallon juna. Haka ƙirji yake. Mai ƙirjin da ya turo gaba, nonuwanta waje suke fuskanta, kuma bayan aiki za su ƙara fuskantar waje. Mai ƙirjin da ya ɗan loma ciki, nata kusa da juna suke, ita kuma haɗarin da ke gabanta shi ne su haɗe. Likita ba ya taɓa ƙashi a wannan tiyata. Jakar da ya saka tana ɗaukaka abin da ta tarar ne kawai.

To nawa ne faɗin da ya dace?

Babu lamba ɗaya da ta hau kowa. Likitocin gyaran jiki da yawa suna barin kimanin santimita 1.5 daga tsakiyar ƙashi zuwa kowane gefe ba su taɓa ba, wato jimilla kusan santimita 3, kamar faɗin yatsu biyu. Mai faɗin ƙashi takan wuce haka, kuma lafiyarta ƙalau.

Da na san haka da na ce a sa mini babba. Ashe babba ba za ta cike wurin ba?

Wannan tunani shi ya fi jefa mata cikin aiki na biyu. Jakar tana da awo uku: yawan abin da ke cikinta, wanda ake aunawa da mililita, faɗin gindinta, da kuma yadda ta turo gaba. Mata sun fi riƙe na farko, wata ta ce 300 aka sa mata, wata ta ce 400, alhali wanda ya shafi tsakiya shi ne faɗin gindi. Jaka biyu za su iya zama mililita ɗaya, amma ɗaya faffaɗa mai ɗan tudu, ɗaya tsukakkiya mai tsini. Tsukakkiyar ta fi turowa gaba, kuma ta fi barin fili a tsakiya. Faffaɗar ta fi matsowa ciki.

Amma faɗin ma yana da iyaka, domin dole tsakiyar jaka ta zauna daidai bayan kan nono. Duk santimitar da ta ƙaru ta ciki, sai irinta ta ƙaru ta wajen hammata. Idan jakar ta fi gindin nononki faɗi, hannunki zai riƙa gogarta in kina tafiya, gefenta zai riƙa jiyuwa a ƙarƙashin fata, nauyinta kuma zai riƙa jan fata shekara bayan shekara har ta saki. Shi ya sa likita na gari yake fara auna faɗin gindin nono da abin awo kafin a yi maganar girma. Idan kika shiga ofis aka tambaye ki wace lamba kike so ba tare da an auna ki ba, ki tashi ki fita.

Me zai hana a tura jakar ciki kawai, a bar kan nono inda yake?

Idan aka yi haka tudun zai koma ciki, kan nono ya tsaya a gefen tudun yana kallon hammata. Wannan ya fi rata muni nesa ba kusa ba, kuma rigar mama ba ta ɓoye shi sosai.

Akwai abin da ya fi wannan. Don a matso da jaka sai an yanke abin da ya liƙa fata da tsoka a jikin ƙashin tsakiya. Wannan ɗan siririn wuri shi ne katangar da ta raba gurbin dama da na hagu. Ta gefensa ne kuma wasu jijiyoyin jini suke ɓullowa daga cikin ƙirji ta tsakanin haƙarƙari, waɗanda idan aka yanke su jini kan taru. Fatar wurin siririya ce, babu kitse sosai, don haka jakar da aka kai can takan nuna tattararta a fili. In kuwa katangar ta faɗi gaba ɗaya, sai gurabun biyu su zama ɗaya, fatar tsakiya ta ɗago daga kan ƙashi, nonuwa su haɗe su zama dunƙule guda daga wannan hammata zuwa waccan. Likitoci suna kiran wannan simastiya.

Ina so ki ji wannan da kyau, saboda shi ne ya fi ba ni tausayi a duk lamarin. Rata mai faɗi ana rufe ta da rigar mama a cikin minti ɗaya. Simastiya kuwa sai an sake kwantar da ke, a ɗinke gurbin daga ciki ko a buɗe sabo, wani lokaci a ƙara wani ƙyalle na tiyata don ya riƙe, sau da yawa a mayar da ke ƙaramar jaka, ki yi makonni kina sanye da wata riga ta musamman mai danne tsakiya. Duk da haka tana iya dawowa. Likitan da ya ƙi matso miki da su yadda kika roƙa, ya yi miki alheri.

Sati biyu da aikina, tsakiyar ta kumbura kamar sun haɗe. Ita ce simastiyar?

Ba lallai ba ne. Kumburi a kan ƙashin tsakiya abu ne da aka saba gani a makonnin farko, kuma yana sacewa. Alamar da ta fi tayar da hankali ita ce fatar tsakiya ta tsaya a ɗage kamar rumfa bayan kumburin ya tafi, ko ki ji jakar tana iya ƙetare tsakiya zuwa ɗaya ɓangaren. Kada ki yi ta tura su don gwaji. Ki ɗauki hoto kina tsaye, hannuwa a sake, ki aika wa likitan da ya yi aikin, sannan ki daina sa duk wata riga mai matse su wuri ɗaya har sai ya gani.

Ni kuma nawa sun hau sama, sun yi tauri, sun yi nesa da juna. Haka za su zauna?

A'a, Hajiya, ki ba su lokaci. Musamman idan a ƙarƙashin tsoka aka sa, tsokar takan ɗaure ta riƙe jakar a sama da gefe. A hankali take saki, jakar ta sauko, ƙasan nono ya cika, ya yi laushi, ratar ta ɗan ragu. Wannan yakan ɗauki wata 3 zuwa 6, wasu har shekara. Kuma ba tare suke sauka ba, ɗaya kan riga ɗaya, galibi ɓangaren hannun da kika fi aiki da shi ne yake jinkiri. Abin da kika gani a madubi a wata na farko ba shi ne sakamako ba. Amma kada ki sa ran saukar za ta shafe ratar da aka haife ki da ita.

An ce akwai sawa a saman tsoka da sawa a ƙarƙashinta. Wanne ya fi kawo su kusa?

A saman tsoka, wato kai tsaye bayan naman nono, babu tsokar da za ta tare jakar, don haka tana iya ɗan matsowa ciki. Farashin wannan shi ne rufi kaɗan: siririyar mace za ta iya ganin gefen jakar da tattararta, haɗarin haɗewa ya fi yawa idan aka wuce gona da iri, kuma hoton binciken sankara ya fi wahalar karantawa.

A ƙarƙashin tsoka rufin ya fi kauri, saman nono ya fi kama da na halitta, amma jakar ba za ta wuce inda tsokar ta kama ƙashi ba. Nan ne iyakarta. Akwai hanya ta tsaka-tsaki da wani likita ɗan Amurka, John Tebbetts, ya bayyana a 2001, inda tsoka take rufe saman jakar, naman nono ya rufe ƙasanta. Ana yawan bin ta yanzu. A cikinta ma ana sakin tsokar ne ta ƙasa, ba a raba ta da ƙashin tsakiya.

Yadda ake zaɓa: likita zai mintsini fatar saman nononki ya auna kaurinta. Idan ba ta kai santimita 2 ba, yawanci ƙarƙashin tsoka ya fi miki, ko da ratar za ta fi faɗi kaɗan.

Idan na ɗaga bokiti ko na tura ƙofa sai in ga sun yi tsalle sun rabu. Lafiya kuwa?

Tsokar ce take matse jakar ta tura ta sama da waje, kuma masu jaka a ƙarƙashin tsoka ne suke ganin haka. Idan kaɗan ne babu komai. Idan ya yi yawa har yana nunawa ta cikin riga ko yana ciwo, ana iya sauya wa jakar mazauni.

In na kwanta rigingine sai su zube cikin hammata, tsakiya ta zama fili fetal.

Nono na halitta ma yana zamewa gefe idan an kwanta, don haka ɗan zamewa daidai ne. Amma idan jakar tana faɗawa har cikin hammata, gurbin ne ya yi faɗi ta waje, ko dai tun wajen aiki, ko kuma nauyi da matsin tsoka sun buɗa shi a hankali. Mai ƙirjin da ya turo gaba ta fi fuskantar wannan. Motsa jiki ba ya gyara shi, tausa ma haka. Gyaransa ɗinki ne daga ciki don a tsuke gurbin. Wannan na cikin 'yan wuraren da aiki na biyu yake rage rata da gaske, domin a nan ratar ba ta asali ba ce.

Amma hotunan da nake gani a Instagram da TikTok, ai a haɗe suke cif.

A haɗe suke domin wani abu ya haɗa su: rigar mama mai turowa, ko salatif, ko hannuwa da aka matse, ko gyaran hoto. Nono, na halitta ko mai jaka, idan aka sake shi ba ya tsayawa manne da ɗan'uwansa. Idan za ki duba aikin likita, ki nemi hotunan da aka ɗauka a tsaye, ta gaba, babu riga, kafin aiki da kuma bayan wata shida ko fiye. Ki nemi na macen da ƙirjinta ya yi kama da naki kafin aiki. Hoton wadda ba ƙirarku ɗaya ba, ba abin da zai gaya miki game da kanki.

Abin da tiyata take ba ki shi ne abin da riga za ta tattaro. Bayan kin warke, likita ya ba da izini, galibi bayan sati 6 zuwa wata 3, rigar mama mai kyau za ta kawo su kusa yadda kike so.

Babu wata hanya ta rage ratar ba tare da wannan haɗari ba?

Akwai dashen kitse. Ana zuƙo kitse daga cikinki ko cinyarki, a tace, a zuba shi kaɗan-kaɗan a gefen ciki na kowane nono. Yana tausasa gangaren, ya rufe gefen jakar, ratar ta ragu a ido ba tare da an taɓa katangar tsakiya ba. Ba duka kitsen yake rayuwa ba, jiki yakan shanye wani kaso, wani lokaci har kusan rabi, shi ya sa akan maimaita. Yana iya barin ƙananan ƙulli da za su fito a hoton bincike, don haka ki riƙa gaya wa mai ɗaukar hoto an yi miki. Siririya sosai kuma ba ta da kitsen da za a ɗiba.

Abin da nake roƙonki da girman Allah ki guje shi ne allurar cika wuri a gidan kwalliya ko a ɗakin otal. Ruwan silikon da aka tsira kai tsaye cikin nama ba ya zama wuri ɗaya, yana yawo, yana haddasa ƙulli da gyambo, yana iya shiga jijiyar jini ya kai huhu, kuma ba a iya kwashe shi duka sai an yanke naman da ya shiga. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2017. Su kuma man shafawa da garin hulba da sauran kayan mata da ake tallatawa, babu wanda yake matsar da tsoka ko ya tsuke ƙashi.

Na shayar da 'ya'ya biyar, sun zube. Jaka za ta ɗago su ta haɗa su?

Jaka tana cikawa, ba ta ɗagawa. Idan kan nono ya sauka ƙasa da lanƙwasar da ke ƙarƙashin nono, aikin ɗagawa kike buƙata, ko shi kaɗai ko tare da jaka, kuma yana barin tabo fiye da na saka jaka. Idan aka sa jaka kawai, sai ta tsaya a sama, naman ya rataya a ƙasanta. In kuma ba ki gama haihuwa ba, ki sani ciki da shayarwa za su sake sauya siffar. Yawancin masu jaka suna iya shayarwa, sai dai yanka ta gefen baƙin kan nono ya fi taɓa hanyoyin ruwan nono fiye da yanka ta ƙarƙashi. Kuma ana jira watanni bayan yaye kafin a yi aiki.

Yaushe zan koma goyo da aikin gida? Salla fa?

Takardun da ake ba ku a asibitocin waje ba su san goyo ba, shi ya sa nake tsayawa a nan. Zanen goyo yana ɗaurewa ne daidai saman nono, nauyin yaro duka yana danna jakar ƙasa da gefe, a lokacin da gurbin bai gama kamewa ba. Ki ajiye goyo aƙalla sati 6, kuma ki tambayi likita kafin ki koma. Ki nuna masa yadda ake ɗaurawa idan bai sani ba. Haka daka, jan ruwa a rijiya, wanki mai yawa, ɗaukar jarka, da ɗaurin ƙirji mai tsauri. Kafin ki tafi aiki ki shirya wanda zai riƙe miki yara, ko Inna ko wata 'yar'uwa. Girgizar kabu-kabu ma ba ta dace da makonnin farko ba. Ki kwanta rigingine, kafaɗu a ɗan ɗage, kada ki kwanta rubda ciki.

Kada a gasa miki ƙirji da ruwan zafi ko tsumma kamar mai jego. Fatar wurin takan yi sanyin ji bayan aiki, za ki iya ƙonewa ba ki sani ba. Tausa kuma sai wadda likitanki ya koya miki, domin tura jaka ciki da ƙarfi don a rage rata yana iya kai ki ga haɗewar da muka yi magana.

Salla a kwanakin farko, idan sujada tana ja miki ɗinki, addini ya ba marar lafiya sauƙin yi a zaune. Ki tambayi malami yadda za ki yi da wanka muddin bandeji yana nan.

Sai zafin garinmu. Daga Maris zuwa Mayu ana wuce digiri 40, ga ɗaukewar wuta, ga rigar tiyata mai kauri da za ki sa dare da rana. Gumi yana taruwa daidai lanƙwasar da ɗinki yake. Wadda take da zaɓin lokaci, watannin hunturu sun fi mata sauƙi.

Jikina yana yin tabo mai tudu. Ko hujin kunne sai da ya kumbura.

Ki faɗa wa likita tun ranar farko. Irin wannan tabo ya fi yawa a baƙar fata, kuma fatar kan ƙashin tsakiyar ƙirji na cikin wuraren da ya fi so a duk jiki. Wannan wani dalili ne na barin tsakiya lafiya. Idan kina shafa man bilicin ma ki faɗa, domin da yawansu suna sirantar da fata suna jinkirta warkewa. Haka shisha da taba, da duk wani jiƙo ko maganin gargajiya da kike sha.

Ni sankara ce ta sa aka cire mini ɗaya. Za a iya daidaita tsakiyar?

Allah Ya ƙara miki lafiya, Yaya. Naki ya bambanta, domin an cire naman da zai rufe jakar, saura fata da tsoka. Gefen ciki da sama yakan ɗan loma, kuma a nan dashen kitse yake da amfani ƙwarai. Idan an gasa wurin da hasken na'urar kashe sankara, fatar takan yi tauri, kuma tantanin da jiki yake naɗe jakar da shi ya fi saurin tsukewa. Wani lokaci gina nono da naman bayanki ko na cikinki ya fi jaka. Sau da yawa ana ɗan taɓa lafiyayyen don su yi kama da juna. Ba za su zama iri ɗaya sak ba, amma a cikin riga ana samun daidaito mai kwantar da hankali. Ki fara magana da likitocin da suke kula da sankararki. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da likitocin tiyatar gyaran jiki, ki nemi a haɗa ki da su.

Malama, a addini fa? Ba canza halitta ba ne?

Ni ba mai ba da fatawa ba ce, zan dai faɗi abin da yake sananne. Malamai suna rarrabe kawar da aibi da neman ƙarin ado. Hujjar masu hani tana cikin aya ta 119 ta Suratun Nisa'i da hadisan da suka yi magana kan canza halittar Allah. Hujjar gyara kuma tana cikin labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke masa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinari. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta halatta sake gina nonon da aka cire, da gyara wanda girmansa ko ƙanƙantarsa ya kai ga cuta, ta kuma hana sauya lafiyayyar halitta don son rai ko kwaikwayon wasu. Mu a nan mun san gyaran aibi da idonmu: tun 1999 asibitin yara masu ciwon noma yake sake gina fuskokin yara a cikin garin nan.

Ra'ayina, rata tsakanin nonuwa ba aibi ba ce. Halitta ce kamar tsawo da gajarta. Wadda take tunanin komawa ƙarƙashin wuƙa don ita kaɗai, ta kai maganarta ga malamin da ta amince da shi, ta faɗa masa gaskiyar dalilinta. In kuma maigida ne yake matsawa, shi ma ya zauna ya ji abin da aiki na biyu ya ƙunsa.

Ban yi ba tukuna. Me zan tambayi likita?

Ki fara da shi kansa. A Najeriya dole ya kasance da rajistar Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta ƙasa, kuma ya kammala ƙwarewa a tiyatar gyaran jiki, ba likitan komai-da-ruwanka da ya yi kwas na sati biyu ba. Ki tambayi wa zai ba ki maganin barci, kuma a wane asibiti. Sannan ki ce ya auna ratarki ta yanzu ya faɗa miki, da bakinsa, nawa za ta zama bayan aiki. Ki tambayi faɗin gindin nononki da faɗin jakar da ya zaɓa. Ki tambayi a ina zai sa ta, da dalili. Ki ce ya nuna miki bambancin da ke tsakanin damanki da hagunki tun yanzu, domin kowace mace tana da shi, kuma girma zai ƙara fito da shi.

Ki karɓi katin jakar, mai sunan kamfani da lamba da girma, ki adana shi tare da takardun gida. A 2010 an gano kamfanin PIP na Faransa yana cika jakunkuna da silikon da ba na jikin mutum ba. A 2019 an janye wasu jakunkunan Allergan masu kaushin baya saboda alaƙarsu da wata sankara da ba a cika gani ba, wadda take tasowa a tantanin da ya naɗe jakar. A duka lokutan biyu, mai kati ce ta san matsayinta nan take.

Idan a ƙasar waje ne, kada ki hau jirgi kafin aƙalla mako guda da izinin likita, kuma tun kafin ki tafi ki san wane likita ne zai duba ki a gida.

Shekara shida da aikina, yanzu ɗaya ya yi tauri ya hau sama, ratar ta karkace.

Wannan ya yi kama da tsukewar tantani. Jiki yana naɗe duk baƙon abu da wani siririn tantani, a wasu matan sai ya yi kauri ya matse jakar ta dunƙule, ta hau sama ko ta koma gefe. Likitoci sun kasa shi mataki 4, kuma na 3 da na 4, inda siffa ta sauya ko ciwo ya shigo, su ne ake yi wa aiki. Fashewar jaka ma tana iya kawo sauyin siffa. Jakar da aka cika da ruwan gishiri idan ta fashe nan da nan take sacewa, mai silikon kuwa tana iya fashewa shiru, shi ya sa hukumar Amurka ta ba da shawarar a yi hoton bincike a asibiti bayan shekara 5 zuwa 6 da sawa, sannan duk bayan shekara 2 zuwa 3. Tun da aka fara saka irin wannan jaka a Amurka a 1962, ba a yi wadda aka ce ta har abada ba ce. Ki je a duba ki cikin makonnin nan.

Wasu alamun kuwa ba a kwana da su. A kwanakin farko bayan aiki: ɓangare ɗaya ya kumbura farat ɗaya ya yi tauri da zafi, zazzaɓi, ja ko ruwa mai wari daga ɗinki, ɗinki ya buɗe, ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya. Bayan shekaru kuma: nono ɗaya ya cika da ruwa ba dalili, ko ƙulli a nono ko a hammata. Duk wadda ta ga ɗaya daga cikin waɗannan ta tafi asibiti mafi kusa a ranar, ta faɗa wa likita a fili cewa akwai jaka a ƙirjinta, da shekarar da aka sa, ta miƙa masa katin.